Irin Albasata da Dabbobin Madam

A Malanbil, bayan mun ƙetare Kwara, na fara gane cewa duniya ta fi Aliero faɗi, kuma ba kowa ne a cikinta ya san Nomau ba. Ni ne Nomau. A gida in ka ce Nomau mai jar albasa, ko akuya za ta nuna maka ƙofata. A nan kuwa wani ɗan sanda siriri ya dube ni daga hula har silifa, ya yi wata doguwar magana da Faransanci, ni kuma na ce masa amin, don ban sani ba ko addu'a ya yi mini.

Wanda ya ɗauko ni shi ne Alhaji Arzika, ɗan gwaggona, wato taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma ya ce ni ne bawan, don bawa ba ya ajiye tumbi irin nasa. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san dokarsa. A zage ka a tsakiyar kasuwa, a ɓoye maka takalmi a masallaci, a zuba maka barkono a fura, ba fushi, ba kai ƙara. Ni da Arzika mun kai wasan nan inda mutane ke barin shayinsu ya huce su zo kallo.

Shi fataucin albasa yake yi, yana loda manyan motoci daga Aliero zuwa Kumasi. Ni noma ta nake yi, kuma ina da abu guda da dukiyarsa ba ta taɓa saya masa ba, irin da na gada wurin babana, Baba ma ya gada wurin kakana. Albasa ce ja jawur, mai siririn wuya, ɓawonta kamar an ɗinke ta da fata. A zuba ta a rudu, rumfar kara da ciyawa da muke adana albasa, ta wasu ta ruɓe ta koma kunu, tawa tana nan sai ka ce jiya aka cire ta. Shekara da shekaru Arzika yana roƙona irin nan. Wata shekara da ya ishe ni, na ɗebi tafi guda na soya a kasko na ba shi. Ya yafa a fangali, ya dinga ban ruwa safe da yamma yana leƙe, har ciyawa ta fito ta yi fure albasa ba ta ce uffan ba. Aliero ta yi dariya har ta gode Allah. Shi ma ya yi, ko kuwa in ce na ga haƙoransa.

To a ƙarshen daminar da nake ba ku labari sai ya zo mini da fuskar mutanen kirki. Ya ce wasu masu ilimi a Kumasi sun ƙirƙiro sabon taki, suna neman gwanin manomi da iri na ƙwarai su gwada. Ya ce, "Sun tambaye ni wa ya hi kowa sanin albasa ƙasar Kabi. Ni ko duk da ba ni ƙaunar ganinka, ban iya yi musu ƙarya ba." Maganar nan ta narke a cikina kamar man shanu a tuwo mai zafi. Ya ce 'yan makonni ne kawai, mu dawo kafin lokacin yafa iri.

Irin da na samu a shekarar kaɗan ne, gora guda tak, don ciwo ya faɗa wa furen. Mai ɗakina Ige ta ce in raba biyu in bar rabi a gida. Na ce a'a, 'ya'yana ba su da wuyar lallashi, mutanen Arzika na iya zagayowa bayan idona su karɓe. Kun ji wayo. Na rungumi gorar dukanta na shiga motar Arzika da ita. Abin da wanda ba manomi ba zai sani shi ne, irin albasa ba ya jimirin ajiya. In shekara ta zagayo ba a shuka shi ba, zai mutu a cikin gorarsa, abin da kakanni suka riƙe ya ƙare a hannunka.

A Kandi motar ta lalace, muka yini a gindin mangwaro. Wani Bazabarme mai shayi ya tambaye ni me na rungume haka kamar jariri. Ni da ba a roƙona in buɗe baki, na kwance gorar, na zuba kaɗan a tafin hannuna, 'yan ƙanana baƙaƙe ƙirin, na yi masa wa'azin albasa har ya manta tukunyarsa a wuta. Da direba ya danna ham ban tsaya mayar da su gora ba, na watsa su a aljihun gaba na ruga.

Daga Jugu tuwo ya fara canza hali. A Kara aka kawo mini wani abu mai tsami a ganye, na ɗauka ya lalace, na mayar wa matar da fara'a, ita kuma ta zage ni da yarenta har da nuni. Arzika ya yi dariya har da hawaye, na ce masa ai gwaggonsa ce ta wajen uba, shi ya sa bakinsu iri ɗaya. Haka muke tafe, zagi na bin zagi, raina fes.

Kafin mu shiga ƙasar Gana ya matso kusa da ni a gaban mota, ya rage murya.

"Bawa, mutanen ga na gaba ba su barin iri shi wuce. In sunka gane shi, ƙone shi za su yi gabanka. Kawo in turbuɗe shi cikin buhunnan albasa, ba mai kwance lodi."

Na ce, "In ba ka? Kai?"

Ya ce, "To riƙe abinka. In anka ƙone sai ka kai toka gida ka shuka."

Na dubi gorar, na dubi tumbinsa, na miƙa masa. Ya ce in haɗa da takardar tafiyata, shi zai yi musu magana. Na haɗa. A bakin iyakar nan ba wanda ya tambaye mu ko goro. Suka leƙo, suka gaida Arzika da sunansa, suka ɗaga sanda. Ya kamata jikina ya ba ni tun daga nan, amma jikina barci ya yi har Tamale.

Kumasi gari ne da ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo. Arzika ya bar motar albasa a kasuwa, ya sa ni a tasi muka fita bayan gari. Tun ba mu ga ƙofar wurin ba wari ya fito ya tarbe mu. Na toshe hanci na ce, "Arzika, kai na?" Ya ce, "Ƙamshin ilimi na, jahili bai saba da shi ba."

Wuri ne mai faɗi, da manyan kududdufai na siminti, motocin kwasar masai suna shiga suna juye abin da suka kwaso. Can gefe akwai wata rumfar kwano da tankuna a jere, wasu a rufe ruf, wasu a buɗe suna tafasa ba wuta. Mai rumfar wata gajeriyar mata ce mai tabarau, Madam Abena. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina ya tsaya tun aji uku, sai ta kira wani dattijo direban motar masai, Baba Isaka, mutumin Zango, unguwar Hausawan garin, ya tsaya tsakaninmu. Ta yi murna da ganina ƙwarai. Aka kawo mini takalmin roba har gwiwa, da safar hannu, da abin rufe hanci, da shebur sabo fil.

Arzika ya zaro waya. "Tsaya in ɗauke ka, mutanen gida su ga ka zama injiniya."

Na gyara hula, na turo ƙirji, na dafa shebur kamar sandar sarauta. Ya ɗauka. Ya ce gorar tana ƙarƙashin lodi, da an sauke gobe zai kawo mini. Ya shiga tasinsa.

Da ya tafi na ce wa Baba Isaka, "To ina gonar take?"

Ya ce, "Wace gona?"

Na ce gonar da za a gwada taki da irin albasata. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Malam, Alhaji cewa ya yi zai kawo ɗan'uwansa mai ƙarfi wanda wari ba ya damunsa, don duk leburan da aka ɗauka gudu suke yi. Aikinka kwasar dagwalo ne daga wancan kududdufi zuwa tankunan Madam. Ba wanda ya yi zancen albasa."

Na yi dariya, har da tafi. Na ce lalle bawan nan ya iya, bari ya zo gobe da gorata in nuna masa nawa. Gobe ta zo ba Arzika. Jibi ma haka. Waya tana shiga ba a ɗauka. Baba Isaka ya leƙa kasuwar albasa, aka ce masa motar ta sauke tun ranar, ta ɗauki lodin goro ta juya. Sai bayan kwanaki, da hantsi, ina tsaye a bakin kududdufi, Arzika ya ɗauki wayar.

"Sarkin masai! Ranka shi daɗe, ya talakawa?"

A bayansa na ji dariyar mutane, kuma na san kowace murya a cikinta. Teburin mai shayinmu ne na bakin tashar albasa. Ashe har ya isa Aliero.

Na ce, "Arzika, wasa ya yi daɗi, na sara maka. Ina gorata?"

"Wace gora? Au, wagga da kab ba ni kyauta bakin iyaka?"

"Lokacin yafa ya matso. Ka san abin da ke cikinta. Na Baba na."

Ya ce, "Kak ka damu, za a yafa shi. Kuma wanga karon ba soyayye ba na."

Dariya ta sake tashi, ya kashe. Na zauna a bakin siminti ban ko duba abin da na zauna a kai ba. Da yamma Ige ta kira. Ta ce hotona ya gama wayoyin Aliero har Jega, yara na bin jikokina suna kiransu 'ya'yan sarki. 'Ya'yana sun je wurin Arzika, ya ce musu maganar manya ce, ya ba su goro ya sallame su. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ba takarda, ba kuɗin mota, ba fuskar da zan shiga gari da ita. Na ɗauki shebur.

Abin da ya fi damuna a kwanakin farko sallah ce. Mutum ya yini cikin najasa, da wace riga zai tsaya gaban Ubangiji? Baba Isaka ne ya lura ina ta wanka kamar agwagwa. Washegari ya zo mini da riga da wando nasa wankakku a leda, ya ce in rataye su a ɗakin mai gadi, na sallah ne kawai. Ya kuma ɗauke ni daga rumfar ya kai ni zauren gidansa a Zango. Da ya ji ni mutumin wajen Jega ne sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce kakansa daga Jega ya zo fataucin goro bai koma ba, shi kuwa bai taɓa ganin garin ba. Ya ce, "Da gaske akwai gulbi a bakin garin?" Na ce akwai, kifinsa ma in ya ga baƙo gaishe shi yake yi. Matarsa ta dinga aiko mini da tuwon zafi. Ba tuwon Ige ba ne, amma ba ya zuwa a ganye.

Warin ne dai ya ƙi barina. A gida in masai ya tashi, kowace tsohuwa ta san magani, a tsiyaya masa kananzir. Wata safiya Madam ba ta iso ba, na ga galan a bayan janareta, na ce bari in taimaki matar nan, da alama iliminta bai kai nan ba. Na zaɓi tankin da ya fi kusa da inda nake cin abinci na tsiyaya masa son raina. Wari ya kwanta. Na zauna ina jiran godiya.

Da ta zo ta sunkuya kan tankin, sai ta saki wata ƙara, ta ɗora hannu biyu a ka. Aka nemo Baba Isaka da gudu.

Ya ce, "Malam, me ka zuba?"

Na ce, "Kananzir. Ka ce mata ba komai, kyauta na yi."

Ya ce, "Ka kashe mata dabbobi."

Na leƙa tankin. Ko ƙwaɗo ban gani ba. Na ce a raina, ashe matar nan ma akwai abin da ke damunta. Ba ta kore ni ba, ina jin don ba wanda zai karɓi shebur ɗin. Ta share ido, ta ja hannun rigata zuwa wani ɗan ɗaki, ta ɗiga ruwan wani tanki a gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu, ta ce in sa ido. Na sa. Na yi baya har na ture kujera. Gari guda ne a cikin ɗigon nan, ana ta kai da kawo kamar ranar kasuwar Jega.

Ta yi bayani a hankali, Baba Isaka yana juya mini. Ta ce na san takin supa? Na ce tun ba a haife ta ba. Ta ce ƙarfin da ke cikinsa, wanda ke sa saiwa ta kama ƙasa, sunansa fosforas. Daga dutse ake haƙo shi a ƙasashe masu nisa, shi ya sa yake tsada, kuma dutse ba ya haihuwa. Shuka ta sha shi, mu ci shukar, ya bi ta cikinmu ya fita, ya tafi rafi ya haifar da gansakuka ta kashe kifi. Ita so take ta tare shi a hanya ta mayar da shi gona. Amma ya narke a cikin ƙazamin ruwa, ba a tsince shi da hannu. Waɗannan 'yan halittu su ke tsince shi.

Yadda ake sa su aikin shi ya ɗaure mini kai. A tankin da ke rufe ana hana su iska, su takura, su amayar da abin da ke cikinsu. Daga nan a tura su tankin da inji ke hura wa iska, shi ne mai tafasa ba wuta. Don tsoron wahalar da suka sha sai su haɗiyi fosforas fiye da cikinsu, kamar wanda ya sha azumi ya samu biki. In sun ƙoshi sun yi nauyi sai a kwashe su a cikin laka, a sake toshe musu iska, su zubar da duk abin da suka tara a cikin ɗan ruwa kaɗan. A zuba wa ruwan wani gishiri mai ɗaci, a juya, sai ka ga wani abu yana kwantawa a ƙasa. Ta ɗauko kwalba ta zuba mini a hannu. Fari ne tas kamar tsakin shinkafa, ba wari ko kaɗan.

Na ce wa Baba Isaka, "Wato a kai mutum inda ba ya iya numfashi, har ya saki abin da ya riƙe." Ya ce haka ne. Na ce, "Ka ce mata na san aikin nan, an yi mini shi."

Bai juya mata wannan ba. Ita kuwa ta ce ta daɗe tana renon waɗanda na kashe, tana zaɓen masu haɗiya da kyau tana ware su, kamar yadda ake zaɓen iri. Nan ne kunya ta kama ni sosai, don na san zafin da ke cikin wannan kalma. Na ce shi ke nan sun ƙare? Ta buɗe firiji ta nuna mini wasu kwalabe, ta ce ko kusa, ita ba ta taɓa tara irinta wuri ɗaya. Na ce lalle matar nan da Ige makarantarsu guda.

Daga ranar na kama kiwon dabbobin Madam da zuciya ɗaya. Na san ƙarar injin iska in yana lafiya, na san launin laka in sun ƙoshi. Da safe nakan gaishe su. Ba sa amsawa, amma ba su taɓa ɗaukar hotona ba.

Da wata ya ƙare aka biya ni, Baba Isaka kuma ya gano takardata wurin wani dillalin albasa, inda Arzika ya yar da ita. Hanya ta buɗe. Na ɗauko rigar da na zo da ita zan wanke don tafiya, na juya aljihun gaba, sai wasu baƙaƙen abubuwa suka zubo a cinyata. Na ɗauka kashin ɓera ne, har na ɗaga hannu zan kakkaɓe. Sai na tuna Bazabarmen Kandi. Na bi ɗinkin aljihun da tsinke ina tono su ɗaya ɗaya. Duka ba su rufe gindin cokali ba. Surutuna da ya kai ni Kumasi, shi ne ya ɓoye mini wannan.

In na kama hanya da su, kafin in isa in gyara fangali lokaci ya ƙure, kuma na san kaina, zan iya nuna wa wani a mota su zube. Na fasa tafiya. Na yanka jarkoki, na cika su da yashi da baƙar ƙasa daga nesa da kududdufan, na yafa. Madam ta zo ta tsaya a kaina tana kallo. Da Baba Isaka ya ba ta labarin gorar, sai ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar farin takin nan, wanda take aunawa da ɗan cokali kamar maganin ido, ta ajiye a gabana. Na tambayi limamin Zango ko ya halatta. Ya ce, "Kai da ke kai takin turke da na bola gona, yau tsakin da ya fi rigarka fari kake tambaya?"

Ƙasar Kumasi ba ta son albasa. Laima ta yi yawa, da yawan tsiron suka fito suka kwanta. Madam ta sa aka kafa mini rumfar leda. Masu motocin masai suka sa mini suna manomin jarka, kowa ya wuce sai ya tambayi lafiyar gona. Waɗanda suka rayu suka yi saiwa fara mai yawa, har tana leƙowa ta hujin jarka. Ni na yi azumin magana a kansu, ko Ige ban gaya wa ba. Watanni na yi a haka, ina kwasar dagwalo da safe, ina ban ruwa da yamma. Da ganye ya kwanta na tone su. Ƙanana ne, babbar cikinsu ba ta fi ƙwan zabo ba, amma ja jawur, wuya siriri. In aka dasa su baɗi za su yi fure su ba da iri. Na ɗaure su a tsumma na rataya a wuyana ta cikin riga, kuma har na iso gida ba wanda na yi wa wa'azin albasa.

Na sauka Aliero ana tsakiyar cirar albasa, tasha ta cika da buhuna. Ban kai ga ƙofar gida ba na hango wani tulin jar albasa daga nesa. Na je na ɗauki ɗaya na juya ta. Ko a cikin duhu na san ɓawon nan. Dillalin baƙo ne, bai san ni ba.

Ya ce, "Baba, ka iya zaɓe. Jar Arzika ke nan, daga gonar Alhaji ta Andarai. Ba ta ruɓewa a rudu. Baɗi ma za a fara sai da irinta, in kana so ka yi magana da wuri."

Na ce, "Jar wa?"

Ya ce, "Jar Arzika. Shi ya kawo irin daga Gana."

Na ajiye ta a hankali inda na ɗauke ta.

Na kai maganar wurin Baffa Magaji, ƙanen babana, wanda shi ya rage mana babba. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan tasbaha. Ya ce, "Nomau, taubashinka na. Wa ka taɓa ji ya kai taubashi ƙara? Kai ba ka soya mishi iri ba?" Na ce, "Baffa, nawa wasan fangali guda ya ci mishi. Nashi ya ci sunan ubana." Ya ce, "An dai yi dariya wancan karon, an yi wanga karon. Ka yi haƙuri, ka rama da baki, ai ka hi shi baki."

Da la'asar na fita teburin mai shayi, don in ban fita ranar ba, ba zan ƙara fita ba. Wurin ya cika, har da waɗanda ba sa shan shayi. Kowa ya zo jin abin da Nomau ya dafa wa Arzika a watannin nan. Sai ga shi ya taho, babbar riga tana jan ƙasa, tun daga nesa yana toshe hanci.

"A buɗe hanya, sarkin masai ya sauka! Bawa, ina tsarabar talakawa?"

Aka kwashe da dariya, aka juyo gare ni. Ina da amsa. Wallahi ina da guda bakin harshe wadda da na sake ta sai an ɗauke shi a kwance. Na miƙe, na tuɓe takalmina, na russuna.

Na ce, "Barka da yamma, Alhaji. An yini lahiya? Ya iyali?"

Dariyar ta tsaya kamar an kashe rediyo. Arzika ya sauke hannu daga hancinsa.

"Kai, mi na haka? Tashi, tsohon banza."

"Allah shi ƙara girma, Alhaji."

"Nomau, zage ni mana. Ni na, bawanka."

Na ce, "Wane ni, Alhaji. A gaida gida."

Na sa takalmina na tafi. A bayana cokalin mai shayi na ta juyawa a kofi.

Arzika ya aiko mini da gorar daga baya, cike da sabon iri. Na mayar da ita da godiya mai yawa, na ce a gaya wa Alhaji ina da nawa. 'Yan ƙwayayen jarka sun yi fure a fadamata, na barbaɗa musu ragowar tsakin Madam, kuma irin da suka bayar na raba shi biyu, rabi yana ɗakin Ige. A kasuwa dai har yau Jar Arzika ake ce mata, har jikana na ji ya faɗa.

Jiya na gamu da shi a ƙofar masallaci, ya sa wata hula kamar an kife masa murfin tukunya. Zagi mai kyau ya taso mini tun daga ciki har bakin haƙori, irin wanda ba a samu kullum. Shi ma ya gani a idona, ya tsaya, fuskarsa ta fara washewa, yana jira. Na haɗiye abina.

Na ce, "Alhaji, an tashi lahiya?"